Ƙasar da Ƙanena Ya Sauke a Gidana

Ƙanena, wanda unguwa take kira Mai-baƙar-ƙasa, a hannuna ya koyi aikin lambu. Ni na nuna masa yadda ake jiƙa ƙasa a dunƙule ta a tafin hannu: idan ta riƙe, sannan ta marmashe da an taɓa ta, ta shuka ce, idan ta yi danƙo, laka ce. Daga baya ya zama direban tifa, har ya buɗe filin sayar da ƙasa. Yau duk mai son dasa ciyawa a gidansa shi yake nema, sunana kuwa ba ya fitowa daga bakin kowa.

Na jure wannan har ranar da matata ta so yin lambu a tsakar gida, ta ce, "Maigida, kira ƙanenka ya zaɓa mana ƙasa."

Da ƙafata na je filin, domin in samo aibi in kawo mata. Na tona gindin tsibin, inda masu algus suke ɓoye yashi da tsakuwa. Na jiƙa, na dunƙule, na taɓa. Ta marmashe.

"Yaya, har gindin tsibi?" in ji shi yana dariya. "Ko baƙo bai taɓa yi mini wannan binciken ba."

Na ce ba laifi, ya kawo rabin tifa.

Tumatir ya yi kyau. Matata tana gaya wa baƙi cewa ƙasar ƙanen mijinta ce, ni kuma ina jira ta shiga ɗaki in bayyana musu wanda ya zaɓa.