Har Itatuwana Naka Ne, Mai Dashe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan nan, da hantsi, 'yarka ta bugo mini waya ta ce Allah ya yi maka rasuwa. Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne: shi ke nan, ba zan taɓa wuce ka ba.

Mu biyu muka kafa jam'iyyar nan ta kare muhalli a ɗakin bayan shagonka na dashe, benci biyu da fanka marar aiki. Ni na rubuta manufofinta, ni ke magana a rediyo. Sau huɗu muka tsaya takarar kansila, kai a mazaɓarka, ni a tawa, ba wanda ya taɓa ci. Kai ka kawo dokar cewa ba ma buga fosta, kuma kowane ɗan takara ya dasa itace ɗaya a kan kowace ƙuri'ar da ya samu. Zaɓen farko ka samu sittin da uku, ni sha ɗaya. A na ƙarshe ka haura ɗari biyu, ni sha tara. Layin itatuwanka na bakin titin kasuwa ya yi inuwa, masu gyaran babur suka tare a ƙarƙashinsa. Ni kuwa har kewaye nake yi don kada in gani.

Abu ɗaya nake taƙama da shi. Itatuwana hamsin da takwas da ke bayan makaranta, ko ɗaya bai mutu ba. Na sha yi maka gori a gaban jama'a, kai kuma ka yi dariya ka ce, "Hannunka da albarka, Sakatare."

Jiya wurin gaisuwa matarka ta sa aka miƙo mini jarkoki biyu. Ta ce, "Duk Asabar shi ke ba naka ruwa, wanda ya bushe ya canja. Ya hana a faɗa maka, amma yanzu wa zai yi?"

Shekara goma sha biyu! Ni da ko kofi ɗaya ban kai musu ba tun ranar da aka ɗauke ni hoto wurin dashe. Haba Mai Dashe! Ka fi ni ƙuri'a, ka fi ni jama'a, wannan ɗin ma sai da ka karɓe. Wallahi har yanzu kishinka nake ji, ga kunya ta ƙaru a kai.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa kowane ganye ya zame maka shaida. Allah ya ba iyalinka haƙuri, ya yafe mini.

Asabar zan je. Sai na tambayi 'yarka inda famfon yake.