Malam Gana da Kunnen Kaftin

Malam Gana ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙin jirgin ƙasa, ya yi ritaya, kuma duk tsawon rayuwarsa bai taɓa kai hannu jikin kare ba. Ba tsoro ba ne. Haka aka tashe shi a gidansu na Fagge, gidan Barebarin da suka daɗe a Kano.

Sai ga shi da amanar kare. Mai karen abokinsa ne, Nwabueze, mai gyaran agogo a Sabon Gari. Shekara ashirin da shida suna zama kan benci ɗaya a ƙofar shagon bayan la'asar, suna musu a kan ƙwallo da gwamnati, ba wanda ya taɓa gamsar da wani. Da ciwon ƙafa ya matsa wa Nwabueze, 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi garinsu Nnewi. Ya bar wa Malam Gana makullin gida da karen, Kaftin, ya ce bayan Kirsimeti zai dawo. An yi Kirsimeti uku ke nan.

Kullum Malam Gana yakan taka daga Fagge da ƙullin tuwo, ya zuba a kwano, ya tura da ƙafa. Asabar ranar wanka ce. Yakan tsaya daga nesa da tiyo, ya fesa wa karen ruwa daga kai har wutsiya, ya bar wa rana sauran aikin. A ganinsa amana ta cika, hannu kuma bai ɓaci ba.

Sai Kaftin ya fara kaɗa kai, yana sosa kunne har jini, kunnen na wari. Malam Gana ya buga waya Nnewi ya kai rahoto. Nwabueze ya ce direban da ya kasa kula da kunne guda, Allah ne kawai ya tsare fasinjojinsa. Suka yi rabin awa suna faɗa, Malam Gana ya koma gida da fara'a. Aka sayo maganin ɗigawa, wani maƙwabci ya ɗiga, kunne ya warke. Bayan wata biyu ciwon ya dawo. Aka sake waya, aka sake faɗa. Haka har sau biyar.

A na shida ya ɗauko likitar dabbobi, Dakta Jawahir. Ta haska kunnen, ta lakato dattin da auduga ta kai gwaji, ta dawo ta ce ƙwayar cuta ce mai son danshi. Ta tambayi yadda ake yi wa karen wanka. Ya bayyana mata, da ɗan alfahari.

"Baba, ai kai kake shuka ciwon duk Asabar," in ji ta. "Kunnensa a kife yake, in ruwa ya shiga ba ya fita. Sai an daina fesa masa a ka, a riƙa ɗaga kunnen da hannu ana gogewa."

"Da hannun wa?"

"Wa aka bar wa amanar?"

Kwana biyu yana shawara da kansa. A na uku ya sayi safar hannu ta roba, ya durƙusa, ya ɗaga kunnen. Da ɗumi, da laushi. Kaftin ya ɗora masa kai a gwiwa kamar sun saba. Bayan an gama ya wanke hannu da sabulu fiye da yadda safar ta buƙata.

Kunne ya warke, bai sake dawowa ba. Wata biyar ba ciwo, wata biyar kuma ba waya, domin Malam Gana bai saba kiran namiji ɗan'uwansa ba tare da dalili ba.

Wata la'asar ya zauna kan bencin nan, a ƙofar rufaffen shagon, Kaftin na kwance kusa da takalminsa. Ya daɗe yana juya wayar kafin ya danna.

"Gana, kunnen ne kuma?" in ji Nwabueze.

Malam Gana ya dubi karen. Barci yake, kunnen tas, ko ƙuda ba ya sauka.

"Ya ɗan fara kaɗa kai," ya ce.

Daga can Nnewi ya ji an jawo kujera, an gyara murya. Shi ma ya gyara zama.