Maɓallin Baba Farfesa

Jiya ina gyaran durowa na tsinci maɓallin nan, sai Baba Farfesa ya faɗo mini a rai. A jami'a a Birmingham, a nan Ingila, ya ƙare rayuwarsa yana nazarin yaran da hankalinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Da dangi suka matsa in mayar da 'yata Hafsa Kano saboda ta gagari malamai, ya hawo jirgin ƙasa har unguwarmu, Cheetham Hill. Ya zauna a ƙasa da jiƙaƙƙen kwat, ya ba ta maɓallin nan tana murzawa yana yi mata magana. Ta saurare shi har shayinsa ya huce.

Ya ce mini, "'Yata, ba taurin kai ba ne. Bar hannunta ya motsa, za ta ji ki."

Ban mayar da ita ba. Allah ya haskaka kabarinka, Baba.