Keken Dija da Zanen Inna

Saura kaɗan in fasa ba da wannan labari, don akwai alkawari a kansa. Baba ne ya sa na ɗauka, a cikin bis muna komawa gida. Ya kama kunnena a hankali ya ce, "Lawali, maganar nan kada ta kai Damagaram." Na riƙe ta shekara talatin da wani abu. Na zaga ƙasashe, na zauna majalisu daga Kwatano har Dubai, na ba da labarin da ya faru da wanda na ƙara wa gishiri, amma wannan ban buɗe baki a kansa ba sai watan jiya. Tunda ya riga ya fita, bari ya fita da kyau. In kai mai karatu ɗan Damagaram ne, don Allah ka karanta ka yi kamar ba ka gani ba.

Wata Lahadi ce ta watan Yuni, shekarar da na cika tara. Da sassafe muka tsaya a bakin kogi a tsakiyar Lyon, mu huɗu. Baba ya sha kwat da karabat, takalmi na ƙyalli, don ni na goge shi har sau biyu. Inna ta ci ado da atamfa shuɗiya, tana kallon ruwan kamar wanda ya taɓa yi mata laifi. Ni an taje mini kai har fata na zafi. Ƙanwata Dija kuwa, mai wata goma sha biyar a duniya, tana zaune cikin sabon keken jarirai, puset, an ɗaure ta da maɗauri ta ko'ina, ta kumbura kumatu. Kwamitin ma'aikatan kamfanin su Baba ne ya shirya wa iyalai yawon jirgin ruwa a kan Rhône, a gangara har Vienne, a ci abincin rana a ciki, a dawo da yamma. Ranar ce ta farko da abokan aikin Baba da shef ɗinsa, wato ubangidansa, za su ga iyalinsa, ga shi kuma ana raɗe-raɗin za a ba shi shugabancin ƴan ƙungiyarsu a wurin aiki. Sati uku ya yi yana shirya mu.

A Saint-Fons muke zaune a lokacin, hawa na huɗu, a dogon benen da asansarsa, injin hawa da sauka, ke aiki ranar da ya ga dama. Ta tagar kicin muna hango bututun masana'antu, kuma ko ido a rufe mun san inda iska ta dosa, don wata rana warin ƙwai take kawowa, wata rana warin magani. Aikina da safe sayo burodi, in ci kan tun a matakala in ce haka aka ba ni. Da yamma in shanya kayan Dija a baranda, in tuƙa wa Inna tuwon semul in hannunta ya gaji, sannan in sauka filin ajiye motoci mu buga ƙwallo da ƴan Aljeriya da ƴan Fotugal, jakunkunan lakwal, wato makaranta, su ne ragarmu. Dija kuwa duk wannan hidima a bayan Inna take kallonta. A baya take ci, a baya take wasa da ɗankwali, a baya take barci. In aka kwantar da ita a gado idonta biyu, har hawa na ɗaya sai sun sani. Mutum ɗaya ne ba ta yi wa haka. Ranar Talata da Alhamis Inna na zuwa koyon Faransanci da rana, a bar Dija wurin Baba in ya yi aikin safe. Duk ranar da na dawo lakwal sai in tarar ƙofa da sarƙa, in yi ta bugu kafin ya buɗe, Dija kuma na kwance tana barci kamar an yi mata allura. In Inna ta yi mamaki sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ku ne ba ku iya da ita ba. Ni magana kawai nake yi mata, ta mutunci."

To shi goyon nan ne Baba ya ce ba za a kai shi jirgi ba. Ya taɓa ganin yadda ake juyowa ana kallon Inna a tashar bis, har wata tsohuwa ta bi ta da hannu a buɗe wai yarinya za ta faɗo. Abin ya tsaya masa a rai. Ya aika wa Gwaggo Hajiya, ƴar'uwarsa mai shagon atamfa a Goutte d'Or, ta samo keke mai kyau a Paris, wani ɗan kasuwa ya taho mana da shi. Ya kafa doka biyu: ba zanen goyo, ba kwanon abinci. "Mairo, rana ɗaya ce. Mu shiga kamar kowa, mu fito kamar kowa." Inna ta ce, "To, Malam." Duk wanda ya san Inna ya san wannan "to" ɗin tana da ƙofar baya. Da muka zo hawa jirgi ni na kama ƙasan keken, na ji nauyin ba na Dija kaɗai ba ne. A ragar ƙasa akwai ƙullin wani abu mai zagaye. Baba ya gani, ya dubi Inna. Ta ce, "Dambun nama ne, in abincinsu bai ciwu ba."

"Wannan zanen fa?"

"Wane zane? Ƙunshin kwano ne."

Daidai nan Mushe Rene, shef ɗinsa, ya miƙo hannu.

Farkon tafiyar, wallahi, daɗi kamar me. Na rataya a jikin ƙarfen gefe ina ƙirga gadoji, ina ɗaga wa masu kamun kifi hannu, su ma suna ɗago mini. Na ga inda koguna biyu suka haɗu, ɗaya kore ɗaya ruwan ƙasa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kowa ya ƙi shiga ɗan'uwansa. Wani makaɗi mai jan akodiyon ya zauna a gaba, yara na zagaye shi. Baba na tura keke daga tebur zuwa tebur yana gabatar da mu, ni ina cewa bonjur madam kamar yadda aka horar da ni, Dija na karɓar biskit daga hannun kowa tana jefarwa ƙasa. Inna ce kawai ba ta cikin wannan biki. Ƴar Damagaram ce, ruwan da ta sani shi ne na rijiya da na tulu. Tun jirgi bai yi nisa ba jiri ya kama ta, ta kifa kai a tebur ta rufa da gyale, tana salati a hankali.

Ba a jima ba muka iso ƙofar ruwa. Ga wanda bai sani ba, wani dogon ɗaki ne na siminti a kan kogi, ba rufi. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar ƙarfe a bayansa, a janye ruwan, sai ya yi ta sauka kamar guga cikin rijiya har ya daidaita da kogin ƙasa. Daidai nan Mushe Rene ya zaɓa ya yi jawabinsa, tunda jirgi ya tsaya. Ya miƙe da takarda a hannu, ya buga cokali a kofi, kowa ya yi tsit. Baba ya gyara karabat. Bango ya fara tashi ta dama da hagu, baƙi, jiƙaƙƙe, yana ɗigar ruwa. Rana ta ɓace, sanyi ya sauko. Dija ta ɗaga kai ta ga sama ta koma ƴar tsaga, sai ta buɗe baki.

Na ji kukan yara a jirgin sama da tashoshin duniya, ban taɓa jin irin wannan ba. Bangon nan biyu suka karɓa suka ninka suka dawo mana da shi. Mushe Rene ya ɗaga murya, Dija ta ɗaga tata. Baba ya jijjiga keke, ta banƙare. Ya ba ta bibiro, kwalbar madararta, ta yi jifa da shi har ya gangara ƙarƙashin teburin shef. Matan Faransawa suka taso, wannan na kaɗa makullai, waccan na waƙa, abin ya ƙara lalacewa. Inna ta yunƙura za ta tashi, jiri ya hana ta, ta koma ta zauna. Baba ya ciro Dija ya rungume a ƙirji, ta dinga tura shi tana leƙen bayansa. Kukan ya kai inda murya ke ɗaukewa, baki a buɗe ba sauti, leɓe ya fara canza launi. Na ga Baba ya dubi shef ɗinsa, ya dubi mutanen da ya yi sati uku yana shirya mu dominsu, ya dubi Dija. Sai ya ce, "Lawali, riƙe kwat."

Ya durƙusa ya jawo ƙullin nan, ya kwance, ya ajiye kwano a tebur. Ya sunkuya, ya zagayo da Dija ta ƙarƙashin hammata ta sauka a gadon bayansa, ya yafa zanen, ya ja ya soke a ƙirji bisa karabat, ya kama gefen ƙasa ya tallafo ƙafafunta ya ɗaure a ciki. Kafin ka ce me, an gama. Ya miƙe, dogon mutum da farar shat da zanen Inna mai hoton kaji, ya fara ƴar rausaya, hannu ɗaya a baya yana bubbuga ta, yana wani gunguni ta hanci. Dija ta ja ajiyar zuciya sau uku, ta kwantar da kunci tsakanin kafaɗunsa, ta yi shiru.

Jirgin ma ya yi shiru, sai ɗigar ruwa. Ni na so simintin ya tsage in shige. Baba ya kafe ido a bango, gumi na bin wuyansa. Mushe Rene ya dubi takardarsa, ya dubi yarinyar, sai ya ɗora yatsa a leɓe ya ci gaba da jawabi da raɗa. Da raɗa ya gode wa kwamiti, da raɗa ya yabi ma'aikata, da raɗa ya kira sunan Baba cikin waɗanda ba su taɓa makara ba. Da ya gama, mutane suka yi tafi da kan yatsu, ƙartin maza masu hannu kamar shebur suna taɓa yatsa da yatsa suna danne dariya. Nan ƙofar gaba ta buɗe, haske ya shigo, jirgi ya fita.

Daga nan fa yini ya zama namu. Matar Mushe Rene ta zagaya Baba sau biyu tana neman inda aka sa fil ko maɓalli, ba ta samu ba, ta ce sai an koya mata. Inna, da iska ta buge ta ta ɗan farfaɗo, ta koya mata da mayafin tebur da jakar hannu a madadin jariri, jakar ta faɗi sau biyu. Kwanon da aka bari a buɗe kuwa, wani tsohon ɗan Fotugal ya ɗanɗana, ya kira abokinsa, kafin mu kai Vienne an siɗe shi tas. Da muka zo daidai masana'antu Baba ya kira ni bakin ƙarfe, Dija na barci a bayansa, ya nuna mini wani dogon bututu ya ce, "Ka ga wancan? Ƙarƙashinsa nake." Ban taɓa ganin wurin ta gefen ruwa ba. Bai sauke ta ba har muka dawo Lyon, keke kuma ya dawo ɗauke da kwano da kwat. A bis Inna ta leƙo ta ce, "Malam, mun fito kamar kowa?" Ya yi kamar bai ji ba, ya kama kunnena. A wurin aiki sun laƙaba masa Papa Kanguru har ya yi ritaya. Shugabancin kuma ya zo bayan shekara biyu, ko goyon ya taimaka ko ya jinkirta, Allah ne masani.

Tuni Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, Inna ta koma Damagaram, benen namu an rushe shi. Yanzu in na zauna a lambun Paris sai in ga samarin Faransawa ɗauke da jarirai a ƙirji cikin jaka mai igiyoyi, suna tafiya suna taƙama, ba mai juyowa. Nakan ce a raina, da Baba ya ga wannan. Ya sha kunyar abin da yanzu ake saye da tsada.

Watan jiya Dija ta kira ni, wai ita da mijinta za su shiga babban jirgin ruwa daga Marseille, sati guda, da ɗansu mai shekara ɗaya da rabi, tunda ni matafiyi ne in zo in duba kayanta. Na same ta a gidanta kusa da Goutte d'Or, falo cike da keke mai naɗewa, da jakar goyo mai littafin bayani, da magunguna. Na ce, "Duk sun yi, amma saka zane guda." Ta ce, "Haba Yaya, zane a jirgin ruwa?" Shi ne na karya alkawari. Ta yi dariya har da hawaye, daga baya hawayen ya ci gaba ba dariyar. Ta tashi ta ɗauko zane, ta gwada goya ɗan nata, ya zame, ta sake, ya zame. Sai ta tsaya da zanen a hannu ta dube ni.

"Yaya, ka ce kafin ka ce me ya gama ɗaurewa? To shi Baba, a ina ya koya?"