Beji, Tamanin da Uku, Sha Bakwai

Ƙarfe bakwai na safe Malam Ndakotsu yake jingine kekensa a jikin shagon ɗaukar kaset na Alhaji Ɗanladi da ke unguwar Limawa. Sai ya goge kan rikoda da auduga, ya gwada jan bironsa a tafin hannu, ya buɗe rajista, sannan ya amsa gaisuwar mutane. Shekara goma sha tara yana haka, daga 1977 har watan jiya da ya ajiye aiki, kuma na rantse ba a samun mutum goma a Minna da suka san amfanin abin da yake yi.

Duk mawaƙin da ya zo a ɗauki muryarsa, Banufe ne, Bahaushe ne, ko ɗan Gbagyi, sai Malam ya ba kaset ɗinsa lamba: sunan garinsu, shekara, da kuma na nawa ne a shekarar. Ya rubuta a jikin kaset, ya rubuta a rajista tare da sunan mai waƙa da makaɗa, har 'yan amshi ba ya tsallakewa. Sannan ya ɗauki makirfo ya faɗi lambar da sunan da bakinsa a farkon kaset. A ƙarshen fuska ta biyu kuma, bayan waƙa ta ƙare, sai ya bar kaset ya yi ta gudu shiru kamar minti biyu, ya sake faɗa. Masu sayen kaset suka sa masa suna Mai Lamba, suna cewa yana ɓata musu waƙa da muryarsa mai kama da ta alƙali. Ni ma, Allah ya yafe mini, na yi masa dariya.

Da kaset ɗin waƙoƙin finafinan Indiya suka fara zuwa da zanen nan na baƙaƙen layuka da lambobi a ƙarƙashi, sai ga masu dariyar nan suna jujjuya su da girmamawa, wai wannan shi ne na asali. Lambar da aka buga a ƙasar waje abin ɗaukaka ce, tamu da jan biro kuwa ƙauyanci. Wannan hali namu yana ci mini rai har yau.

A 1983 wata mata daga Beji, Mama Liyatu, ta zo shagon ta rera waƙar da ta yi wa mijinta Andrawus, wanda ya rasu ana tsakiyar haƙar doya. Bayan shekara takwas wani mai sayar da kaset a tasha, Mudi, ya kwafe waƙar, ya yanke muryar Malam ta farko, ya manna hoton wata mata, ya rubuta wai Magdalene ce daga Kaduna. Don a yarda da shi, ya yanko zanen layukan daga kwalin wani kaset na Indiya ya yi hotokofinsa a bangon nasa kaset ɗin. Kaset ya zagaya har ya koma Beji. Nan matan zumunta a cocinsu suka fara raɗa cewa ashe Liyatu waƙar wata take yi tana cewa tata ce. Ta ce muryarta ce, aka ce muryoyi suna kama, aka nuna mata zanen. Matar da ta binne mijinta da waƙar nan ta daina buɗe baki a taro, ko biki aka yi sai ta zauna a bayan ɗaki.

Ɗanta Irimiya ne ya kawo maganar shago. Malam bai yi dogon surutu ba. Ya ɗaure rikoda da rajista a bayan keke, ya nufi wurin Alfa Ndaman, shugaban masu sayar da kaset, ya nemi a kira Mudi. Waɗanda suke wurin sun ba ni labari cewa ya jera kaset shida daga teburin Mudi, na mawaƙa daban-daban, ya sa aka karanta lambobin da ke ƙarƙashin zanen. Duk shidan lamba ɗaya ce, kuma ita ce a jikin kaset ɗin Indiyan. Mudi ya ce wannan bai nuna waƙar ta Liyatu ce ba. Sai Malam ya sa kaset ɗin Mudin a fuska ta biyu. Waƙa ta ƙare, Mudi ya miƙa hannu zai kashe.

"Bar shi," in ji Malam. "Bai ƙare ba."

Aka tsaya cirko-cirko ana jin kaset yana gudu shiru. Can sai ga muryar nan da muke yi wa dariya: "Beji, tamanin da uku, sha bakwai. Liyatu matar Andrawus." Mudi bai taɓa yin haƙurin sauraren abin da ya sata har ƙarshe ba.

Kai ne, Malam Ndakotsu, ka hau motar doya zuwa Beji washegari da rikodarka, ka kunna wa matan zumunta wannan ƙarshen kaset a ƙofar coci, alhali ba addininku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba. Kai ne ka san cewa waƙa ba ta da uwa sai an rubuta sunanta.

To, me Minna ta yi masa? Bayan rasuwar Alhaji 'ya'yansa sun mai da shagon wurin hayar bidiyo. Kaset sama da dubu an cusa su a buhunan taki an jibge a ɗakin da yake yoyo. Rajista goma sha ɗaya an ce ya kwashe kayansa, ya yi sawu uku da keke. Ranar sallamarsa aka ba shi bokitin roba da lemo kwalba ɗaya. Masu jawabi kan raya al'adu a kowane taro, ko ɗaya bai leƙo ba. Haba, jama'a, ko kunya ba ma ji?

Amma Mama Liyatu ta zo, Irimiya yana riƙe da hannunta don idonta ya yi rauni. Babban ɗan Alhaji ya tare ta a ƙofa ya tambaye ta ko ita wace ce.

"Ni ce Beji, tamanin da uku, sha bakwai," ta ce. "Ina Malam?"

Ta tsaya tsakanin kwalayen bidiyo ta rera waƙar daga farko har ƙarshe. Malam ya sunkuyar da kai yana goge ido da hularsa.

Mun gode, Malam, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma da kuke ɗaukar muryoyin mutane, ku rubuta sunayensu, ku faɗa da baki in ta kama. Wanda kuwa uwarsa ko ubansa ya taɓa waƙa a garin nan, ya je gidan Malam a Limawa kafin damina ta gama da buhunan can. Rajistar tana ƙarƙashin gadonsa, kuma sunan yana ciki.