Marinin da ya ƙi haye rafi

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ba wanda yake zaune lafiya. Baba ma'aikaci ne a wani ofis a Tarauni, kullum sai raɗe-raɗin wanda sababbin shugabanni za su canja wa wurin aiki. Da ya ci tuwo bayan magariba sai ya tashi ya hau kai da kawowa a tsakar gida, hannu a ƙirji, yana gyatsa yana tsaki. Ya jiƙa kanwa ya sha, ya kora da madara, ƙwannafin ya lafa kaɗan ya dawo. Har wandonsa ya fara yi masa yawa.

Ƙanwarsa, Gwaggo Binta, tana koyon aikin jinya, ta yi maganar asibiti har bakinta ya gaji. Amsarsa ɗaya ce, wai a ofishinsu ba tebur ɗin da babu kanwa ko ƙwaya a aljihunsa, ciwon kowa da kowa ai ba ciwo ba ne.

Wadda za ta iya tanƙwara shi ita ce Inna, kakarmu, to amma shi ne ɗanta na fari. Kunyar ɗan fari kuwa Inna ta riƙe ta da gaske. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, balle ta tambaye shi jiki a gaban mutane. In ya zama dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". Ina ƙarama wannan abu yana ba ni haushi, na ɗauka ba ta son shi ne.

Ran nan an ɗauke wuta, muka kewaye ta a bakin murhu kamar yadda muka saba. Ita kanta ba ta nutsu ba, sai tona garwashi take yi. Baba yana sintirinsa a bayanmu. Ta ce ga wata tatsuniya nan, amma mu matso, don ba ta da tsawo.

Wai a wani gari an taɓa yin mutum ɗaya tak mai zafin ciki. Mutane suka riƙa zuwa dubiya da kunu da fura, har daga ƙauyuka. Bayan shekaru masu ciwon suka ƙaru, ana gaishe su a bakin hanya. Da tafiya ta yi tafiya sai ya zama kowa cikinsa yana zafi, aka daina dubiya gaba ɗaya. In an haɗu da safe sai a ce ina ciki, a amsa da cewa da zafi, mun gode Allah. Muka tuntsire da dariya, ƙanena har yana kwaikwayo.

To akwai wani marini a garin, nasa zafin daban ne, yana cin sa daga ciki kamar gara a azara. A hayin rafi akwai mai magani, amma marinin ya ƙi hayewa, wai kar a ce ya fi kowa raki. Uwarsa tana gani, ba ta iya magana, sai dai in ya yi tari a ɗakinsa ta tashi zaune a nata.

Nan Inna ta tsaya. Na lura takun Baba ma ya tsaya. Muka dame ta da sai me, sai me, ya mutu ne ko ya warke?

"Ni ma ban san ƙarshenta ba," in ji ta, idonta a kan garwashi. "Ƙarshen yana hannun mai ita."

Muka yi ta ƙorafi an cuce mu. Baba ya juya wajen Gwaggo, ya ce, a hankali, "Binta, gobe ƙarfe nawa kuke fita?"

Inna ta ce mu tashi mu wanke ƙafa, kamar ba ta ji komai ba.

Gyambon ciki aka samu, har ya fara zubar da jini. Ya kwanta, ya sha magani, ya tashi, ya kuma rayu har ya aurar da ni. Canjin wurin aikin da ya hana shi barci ma bai zo ba. Ko a asibitin, Inna ba ta shiga ɗakin ba, a baranda take zama da kwanon kunu, ta miƙa wa Gwaggo ta ce a kai wa wancan.

Na daɗe ina ɗaukan tatsuniyar a matsayin gargaɗi kan zuwa asibiti. Yanzu garin nan namu ya zama garin marini sosai, ɗan makaranta ma zai ce maka yana da olsa yana dariya. Ɗana na fari yana cikinsu, ya rame, yana yawo da ƙwayar magani a aljihu, kuma tsoro nake ji. Ni ban riƙe kunyar nan ba, gatsal nake kiran sunansa, na faɗa masa kai tsaye ya je asibiti ya fi a ƙirga. Sai ya ce Mama kowa fa yana da shi. Inna ba ta taɓa furta sunan nata ba, amma da gari ya waye ya tafi. Nawa har yau bai je ba.