Tokar da Ka Bari a Filin Muchia

Ranar Talata, 18 ga Afrilu, 2006, kwana biyu bayan Ista, Allah ya karɓi ran Akitek Sebastian Dogara, wanda mutanen Sabon Gari suka fi sani da Mai Toka. Jiri ya ɗebe shi da hantsi a ƙofar gidansa da ke Muchia, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Shekararsa hamsin da bakwai. Daga wurin Allah muka fito, wurinsa kuma za mu koma.

Sebastian, na so in rubuta wannan da zuciya a kwance, ta ƙi kwanciya. Shekara talatin muna tare, ka san ba na haɗiye magana. Sau ɗaya tak na haɗiye, ita ce kuma take shaƙe ni har yau.

Ka yi karatun zanen gine-gine har ka ƙure shi, amma ban taɓa ganin ka fara gini a kan takarda ba. Bokiti kake ɗauka, ka bi masu tuyar ƙosai ka roƙi toka, ka je fili ka zuba layi a ƙasa daidai girman ginin, ɗaki da ƙofa da taga, sannan ka ce masu gidan su shiga su zaga. Kakan ce mai sayar da manja ba ta karanta zanen akitek, "to" kawai za ta ce maka don kunya, ranar da bulo ya tashi ta zauna ta yi kuka. Sai sun gamsu da tokar kake zama ka mayar da ita takarda. Da ka zo fitar mana da gidanmu na Bomo, ka sa uwargidana ta ɗauko turmi ta shiga kicin ɗin toka. Tana ɗaga taɓarya ta ce gwiwar hannunta za ta bugi bango. Ka sa ƙafa ka share layin, ka matsar da shi taku ɗaya. Na ce duk wannan boko, ashe da ƙafa ake gyaran gini? Ka ce share toka ya fi fasa siminti sauƙi. Shekara goma sha biyar ke nan tana daka a kicin ɗin tana sa maka albarka.

A 2003 aka shirya taro a wani babban ɗaki a Samaru, masu zane da masu sassaƙa da masu tsara gine-gine, kowa ya tashi ya bayyana wa jama'a yadda yake aikinsa. Ni malamin zane ne a sakandare, ina cikin masu shirin, ni kuma na nace maka wata biyu har ka yarda. Waɗanda suka riga ka sun haska hotuna da majigi, sun zuba Turanci kamar ruwan Agusta, aka tafa musu. Da aka kira ka, sai ga ka da bokitinka. Ka sunkuya ka fara zuba toka a kan daɓe, kana cewa jama'a su sauko su shiga ɗakin wata gwauruwa da ka taɓa ginawa, su ji faɗinsa a jikinsu. Ba ka gama bango na biyu ba shugaban taro ya kaɗa ƙararrawa, ya ce nan ba murhu ba ne, idan kana da takarda ka karanta. Ɗaki ya ɗauki dariya. Ka ɗago ka dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai ina duba jadawalin taro. Ka nemi tsintsiya, ka share tokarka da hannunka, ka fita. Daga ranar ba ka sake tsayawa gaban taro ba. Ran Lahadi ka zo gidana ka ci tuwo kamar kullum, ba ka taɓa tayar mini da zancen ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

To ka san su wa suka cika kujerun gaba ranar jana'izarka? Su ne. Wanda ya kaɗa ƙararrawar ya yi minti ashirin yana bayanin abin da ya kira falsafar toka. Har an kafa kwamitin laccar tunawa da kai. Ihu bayan hari! Na zauna ina cizon yatsa, ina jin haushinsu, ina jin haushin kaina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikinka na ƙarshe. Matan zumunta na coci a Muchia, yawancinsu mazajensu sun rasu, sun sami fili za su gina ɗakin koyon ɗinki da renon yara. Makon Ista ka zuba musu toka, kwana uku kuna gyara layi, ka ce bayan biki za ka zana a takarda. Ba ka kai ga takardar ba. Babu zane, babu izinin gini, ga damina a bakin ƙofa. Matan suka kewaye filin da ƙaya saboda awaki. Ni kuma na bi ofis-ofis wurin masu jawaban nan, ina roƙon mutum ɗaya ya zo da tef ya auna kafin ruwa ya sauka. Ƙofa bakwai na ƙwanƙwasa. Wannan ya ce jarrabawar ɗalibansa ta taso, wancan ya ce sai kwamiti ya zauna. Ranar Alhamis, 27 ga wata, da la'asar, ruwan farko ya zuba, ya wanke filin tas.

Da safe na tafi filin, ban san ma abin da zan je yi ba. Sai na tarar da mata goma sha huɗu a tsaye cikin taɓo, kowace a wurinta, ba mai motsi. Shugabarsu, Mama Clara mai sayar da gari, ta ce, "Malam Martin, kwantar da hankalinka. Ai Baba Mai Toka kowace kusurwa mace ya tsayar, kwana uku muna tsayuwa, ƙafarmu ta riƙe. Ni ce ƙofar gabas. Ebele can ita ce ƙarshen ɗakin keken ɗinki." Ga Adewale kafinta, wanda ya yi shekara ashirin yana yi maka rufi, ya taso daga Chikaji da guduma da turaku, yana kafa turke a gaban ƙafar kowace mace. Na riƙe masa bakin tef, ina rubuta awon a littafin 'yan makaranta, hawaye na ɗiga a kai. Laccar da aka hana ka gamawa a Samaru ita ce na gani a filin nan, babu majigi babu ƙararrawa.

Amma littafin 'yan makaranta ba zane ba ne. Har yau ana jiran akitek mai hatimi ya mayar da shi takarda, gara kuma ba za ta bar turakun su kai ƙarshen damina ba. Ku da kuka yi jawabi, ku riƙe laccarku, mun yafe. Mutum ɗaya muke nema ya ba da yini ɗaya. Littafin yana wurina, bokitin kuma mai ɗakinka Elizabeth ta ba ni ajiya, da sauran toka a ciki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Elizabeth, da 'ya'yanka Mordecai da Scholastica, da matan zumunta na Muchia, da magina da kafintocin da suka yi aiki a ƙarƙashinka. Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya zama uba ga marayu, ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Kai kuma abokina, ka yafe mini shirun da na yi. Allah ya ji ƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutawa ta har abada. Inda ka je, Allah ya sa a bar ka ka gama maganarka. Amin.

Martin Danjuma, Bomo